AJIYA MAGANIN WATA RANA

Ko wane manomin kirki ya san ba a cinye iri. In an yi girbi an sussuke shinkafa, sai ya zaɓi mai kyau ya ware, ya ɗaure bakin buhu ya ajiye. Ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta. Mai wayo ma ba ya tara irinsa duka a rumbu ɗaya. Ya kan kai kaɗan gidan ɗan'uwansa da ke kan tudu, don ya san halin gulbi.

To, yau akwai wata dukiya wadda ba a auna ta da mudu. Ita ce abin da mu ke tarawa cikin waya da kwamfuta. Dillalin shinkafa yana da lissafin buhunan da ya ba da bashi. Mai sayar da bandar kifi a Argungu yana da lambobin abokan cinikinsa na nesa. Wani yana da hoton takardar gonarsa. Wata tana da muryar mahaifinta da ya rasu. Mai shagon buga takardu a Birnin Kebbi yana riƙe da aikin ɗalibai da yawa. A watan Nuwamba 2015 aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, manoma da yawa suka buɗe asusu a banki, sakatarorin ƙungiyoyi kuma suka zuba sunayen mutanensu cikin kwamfuta.

Duk wannan dukiya tana iya ɓacewa cikin ƙiftawar ido. Saboda haka ya kamata mu san inda ta ke kwana, da abin da ke kashe ta, da abin da za mu yi in ta ɓace, da yadda za mu yi mata iri.

RUMBUN KWAMFUTA

Cikin kwamfuta akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, bai fi tafin hannu ba. Masu gyara suna ce da shi had-dis. Mu a nan za mu kira shi rumbun kwamfuta, don cikinsa a ke zuba kome: rubutu, da hotuna, da murya, da lissafi.

Rumbun iri biyu ne. Na farko yana da faifai a ciki, kamar faifan garmaho, mai sulɓi da ƙyalli. In an kunna kwamfuta faifan ya kan yi ta juyawa, sau 5,400 ko 7,200 cikin minti ɗaya. Watau cikin daƙiƙa ɗaya ya kan zagaya sau 90 ko 120. Akwai wata 'yar allura a bisansa, ita ke rubutu, ita ke karatu. Amma fa ba ta taɓa faifan, shawagi ta ke yi a kan iska. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba, balle gashin kai. In kwamfuta ta faɗi tana cikin aiki, allurar na iya kartar faifan. Inda ta karta kuwa, abin da ke wurin ya tafi ke nan.

Kamfanin IBM na Amurka shi ya fara sayar da irin wannan rumbu a 1956. Faifai 50 ne a cikinsa, nauyinsa wajen tan ɗaya, amma hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ya isa ya cika shi. Na yanzu ya shiga aljihu, yana kuwa ɗaukar hotuna dubu ɗari da ɗoriya. Wannan ci gaba ne, amma da haɗari a ciki. Mutum ya kan tara aikin shekara goma a wuri ɗaya, in ya tashi asara sai ya yi ta gaba ɗaya.

Iri na biyu ba shi da faifai, ba abin da ke motsi cikinsa. Shi ne a cikin waya, da memori, da filashi, da sababbin kwamfutoci. Ya fi jure jijjiga, amma shi ma yana tsufa, sau da yawa kuma ya kan mutu farat ɗaya ba sallama.

ABIN DA KE KASHE RUMBU

Na ɗaya, tsufa. Ba rumbun da ba ya mutuwa, ranar ce ba a sani ba.

Na biyu, faɗuwa da bugu, musamman a kan babur ko cikin mota a hanya mai gargada.

Na uku, zafi da ƙura. Zafin bazara a ƙasarmu ba wasa ba ne. Ƙurar hunturu kuma ta kan toshe kafofin da kwamfuta ke shan iska, sai cikinta ya yi zafi fiye da kima.

Na huɗu, wutar lantarki. In an ɗauke wuta kwamfuta na cikin rubutu, abin da ta ke rubutawa na iya dagulewa. In an kawo wuta da ƙarfi, ko janareta ya yi tangal-tangal, ko tsawa ta faɗi kusa, rumbun na iya ƙonewa.

Na biyar, ruwa da gobara da ɓarawo. Mu mutanen bakin Rima mun san wannan. Cikin damunar 2010, da kuma ta 2020, ambaliya ta ci gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ta rushe gidaje. A watan Maris 2016 gobara ta cinye rumfuna da yawa a babbar kasuwar Birnin Kebbi. Ruwa da wuta ba sa zaɓe. Abin da suka tarar a ɗaki, ko buhu ne, ko littafin bashi, ko waya, duk ɗaya ne gare su.

Na shida, hannun mai abu. Mutum ya kan goge abu bisa kuskure, ko yaro ya yi wasa da waya, ko a sa filashi mai cuta cikin kwamfuta.

Akwai kuma jabun memori a kasuwa. Za a rubuta a jikinsa yana ɗaukar giga 64, alhali cikinsa bai kai haka ba ko kusa. In ya cika ba ya faɗa, sai ya riƙa ɓata abin da a ke zuba masa. Araha ba ta ado. Sayi memori wurin wanda ka sani, wanda za ka iya komawa gare shi.

ALAMUN RUMBU ZAI MUTU

In ka ji kwamfuta tana ƙara, ƙyat, ƙyat, ƙyat, ko tana gurnani kamar dutsen niƙa, to, rumbu ne ke kuka. In ta yi nauyi ƙwarai, ko tana sandarewa, ko takardar da ka buɗe jiya yau ta ƙi buɗuwa, ko sunayen abubuwa sun rikiɗe, duk alamu ne. Kada ka ce sai gobe. In har tana buɗewa kuma ba ta ƙara, kwashe abin da ya fi muhimmanci nan take ka zuba a wani wuri. Fara da abin da ba za a iya sake samunsa ba, kamar lissafi da takardu da hotunan iyali. Waƙoƙi da majigi su jira, ana samunsu wurin masu turi.

IN RUMBU YA RIGA YA LALACE

Abu na farko, kwantar da hankalinka. Kwamfuta ta ƙi tashi ba shi ne rumbu ya mutu ba. Wani lokaci batir ne, ko abin caji, ko wani sashe dabam. Mai gyara na iya cire rumbun ya jona shi a wata kwamfuta, sai a ga kome yana nan.

Abu na biyu, kashe ta ka bar ta. In allura na kartar faifai, ko wane kunnawa ƙarin ɓarna ne.

Abu na uku, kada ka buɗe akwatin rumbun. Ƙurar ɗakinka kaɗai ta isa ta gama da shi. Kada ka bubbuga shi. Kada ka sa shi cikin firji, ko da wani ya ce maka yana magani. Garin neman gira a kan rasa ido.

Abu na huɗu, in kwamfuta ko waya ta tambaye ka ko a yi wa rumbu ko memori fomat, ce a'a. Fomat shara ce, ba gyara ba.

Abu na biyar, in gogewa ka yi bisa kuskure, daina zuba sabon abu a wurin. Ga dalili. Rumbu mai faifai kamar littafin bashi ya ke, mai jerin sunaye a shafin farko. In ka goge abu, sunansa kawai a ke sokewa daga jerin. Shafinsa na nan da rubutunsa, sai ran da aka rubuta wani abu a kansa. Mai gyara yana da manhajar da ke bin shafi-shafi ta tono shi. Haka memori ya ke galibi. Amma cikin waya da sababbin kwamfutoci abin ya fi wuya, don su kan share wurin da kansu. Duba kwandon shara na wayarka tukuna, wayoyi da yawa su kan riƙe hoton da aka goge har kwana 30.

Abu na shida, in za ka wurin mai gyara, tafi da wani rumbu lafiyayye. Ka ce masa, “Malam, ba gyaran na'ura ya kawo ni ba, abin da ke ciki na ke so. Juye shi duka a wannan tukuna, sa'an nan ka yi aiki a kan wanda ka juya.” Ku gama maganar kuɗi kafin ya fara. In da hali zauna wurin, don sirrin gidanka da na abokan cinikinka yana ciki.

In allura ko faifai ne ya lalace, gyaran ya fi ƙarfin rumfar kasuwa. Sai an kai wa gwanaye masu ɗaki na musamman wanda ƙura ba ta shiga. Kuɗinsu na iya fin na sabuwar kwamfuta, kuma ba su da tabbacin samo kome da kome. Rumbun da ya taɓa yin ciwo kuwa, ko ya farfaɗo, kada ka sake ba shi amana.

IN WAYA TA FAƊA RUWA

Wannan ya shafi masunta da manoman fadama. Tsamo ta da sauri ka kashe. Cire sim da memori ka goge su da ƙyalle, don sau da yawa su kan tsira ko wayar ta mutu. Kada ka kunna ta don gwaji, kada ka sa ta caji. Ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba, sa'an nan ka kai wa mai gyara ya buɗe ya tsabtace. Waɗansu su kan cusa ta cikin buhun shinkafa. Shinkafa ba ta fi iska busarwa ba, dusarta ma na iya shiga kafofin waya.

In wayar ɓacewa ta yi ko aka sace, je ofishin kamfanin layinka da lambarka ta NIN a rufe tsohon sim a ba ka sabo, ka kuma gaya wa bankinka. Kada ka kwana ba ka yi wannan ba, don mai riƙe da layinka na iya kaiwa ga kuɗinka.

DABARAR MALAMAN DA

Maganin duk wannan ba sabo ba ne a ƙasarmu. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya rasu yau kusan shekara 200, amma littattafansa na nan ana karantawa. Takarda kuwa gara na cinta, ruwa na jiƙa ta, wuta na ƙona ta. Me ya tsare su? Juyi ne. Almajiri ya kan zauna da alƙalami da tawada ya juyi littafin malaminsa, ya sa a gafaka ya tafi garinsu. Wani ya juya daga nasa. In na Gwandu ya ƙone akwai na Sakkwato, in na Sakkwato ya ɓace akwai na Kano ko Zariya. Daga baya, tun wajen 1964, jami'o'in Ibadan da Zariya suka shiga ɗaukar hoton irin waɗannan littattafai suna adanawa.

Dubi kuma abin da ya faru a Tumbutu ta ƙasar Mali. A 2012 'yan bindiga suka kama garin. Masu littattafan gado suka zuba su cikin akwatunan ƙarfe, suka riƙa fitar da su a ɓoye, waɗansu a mota, waɗansu a kwalekwale bisa Kwara, kogin nan da gulbinmu ke zuba ruwa cikinsa, har Bamako. A watan Janairu 2013 aka sa wuta a ɗakin littattafai na Ahmad Baba, aka yi asarar wajen 4,000. Amma mafi yawan littattafan garin sun tsira, don ba a bar su wuri ɗaya ba.

UKU, BIYU, ƊAYA

Masana kwamfuta sun taƙaita wannan dabara cikin ƙidaya uku.

Uku: abin da ka ke ji da shi ya kasance wuri uku, na ainihi da juyi biyu.

Biyu: kada duka su zama a abu iri ɗaya. In ɗaya na cikin kwamfuta, ɗaya ya zama a filashi, ko rumbun da a ke jonawa ta waje, ko takarda.

Ɗaya: juyi ɗaya ya kwana nesa da gidanka. In kana Argungu, ba ɗan'uwanka na Birnin Kebbi ajiya. In gidanka na fadama, kai kan tudu. In shagonka na kasuwa, kada juyin ya kwana a shagon.

Ka lura, in ka kwashe hotuna daga waya ka zuba a filashi, sa'an nan ka goge na wayar, ba ka yi juyi ba, ƙaura ka yi musu. Har yanzu wuri ɗaya su ke.

In ka gama juyi cire filashin daga jikin kwamfuta. In ka bar shi a jone, wutar da ta ƙona ta za ta ƙona shi, cutar da ta kama ta za ta kama shi, ɓarawon da ya ɗauke ta zai haɗa da shi. Sa shi cikin leda, ka sa a gwangwani mai murfi, ka rubuta ranar a jikinsa, ka ajiye a wuri mai sanyi nesa da ƙasa.

Yaushe za a yi juyi? Tambayi kanka, aikin kwana nawa zan iya jure asararsa? Mai ciniki kullum ya yi ko wane dare. Waninsa ya tsai da rana ɗaya a mako, kamar ranar kasuwar garinsu, kada ya saɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

AJIYA A INTANET

Akwai kamfanoni masu manyan ɗakuna cike da rumbuna, suna karɓar ajiya ta intanet. Google ya kan ba mai asusu wurin giga 15 kyauta. In ka sa wayarka ta riƙa ajiye lambobin mutane a asusunka na Google, ko ta nutse a Matan Fada, ran da ka sayi wata ka shiga asusun za ka tarar da su. WhatsApp ma yana da wurin da a ke kunnawa ya riƙa ajiye saƙonni a can. In ba ka iya ba, sa malamin ajinku ko wani amintacce ya nuna maka.

Amma kula da abu uku. Na farko, kalmar sirri ita ce mabuɗin, in ka manta da ita ƙofa ta rufe. Rubuta ta a takarda ka ɓoye tare da takardun gida, ba a bayan waya ba. Na biyu, wani lokaci abin da ka goge a waya ya kan goge a can ma, don an ɗaure su tare. Na uku, ɗakunan nan gini ne kamar ko wane gini. A watan Maris 2021 ɗaya ya ƙone a ƙasar Faransa, waɗanda ba su da juyi a wani wuri suka yi asara. Don haka intanet ta zama ɗaya cikin ukun, kada ta zama ita kaɗai.

GWADA AJIYARKA

Manomi ya kan ɗebi 'yan ƙwayoyi daga irinsa ya jiƙa, ya ga ko za su tsira, tun kafin ruwan shuka. Malaman da in sun gama juyi, ɗaya ya kan karanta na asali, ɗaya na bin sabon da ido, don a gane inda alƙalami ya yi tsallake.

Ga abin da ya sami waɗanda suka yi sakaci da wannan. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana haɗa wani majigin yara mai suna Toy Story 2. Wani ma'aikaci ya ba kwamfuta umurni bisa kuskure, ta goge wajen kashi tara cikin goma na aikin. Suka ce ba kome, muna da ajiya. Da aka ɗauko ajiyar sai aka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya duba. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciya ta haihu tana aiki daga gida, tana da juyi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka kawo ta ofis a mota. Majigin ya fito a 1999.

Saboda haka ko wane wata ɗauko filashinka, jona shi a wata na'ura dabam, buɗe takarda biyu ko uku ka gani da idonka. Filashi da memori ba na har abada ba ne, in sun shekara biyu ko uku sake juyawa a sabo.

KADA A RENA TAKARDA

Littafin rubutu ba ya neman caji. Sami ɗaya mai bango mai ƙarfi. Rubuta lambobin waya 20 da suka fi muhimmanci gare ka, da lambarka ta NIN, da ta BVN, ko wace tana da alƙaluma 11. Rubuta wanda ka ke bi da wanda ke binka. Lambar sirri ta cire kuɗi kuwa, wannan a ka a ke riƙe ta. Takardar gona da ta haihuwa da ta makaranta, ɗauki hotonsu da waya, ka kuma sa a buga kwafi ka ba ɗan'uwa ajiya. Ta haka takarda na tsaron waya, waya na tsaron takarda.

Ka gaya wa mutum ɗaya amintacce cikin iyalinka inda ajiyar ta ke. Rai a hannun Allah ya ke, kada marayu su rasa hakkinsu don ba wanda ya san mabuɗi.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada a jira damuna. Yau ɗin nan kowa ya fara da littafin lambobi.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abu huɗu da ke kashe rumbun kwamfuta.
2. In kwamfuta ta fara ƙara, me ya kamata a yi, me kuma bai kamata ba?
3. Don me ba a zuba sabon abu a memorin da aka goge bisa kuskure?
4. Me ya sa littattafan Malam Abdullahi na Gwandu suka kawo yau?
5. Bayyana ma'anar uku, biyu, ɗaya.

AIKI

Kowa ya rubuto sunayen mutum biyar da lambobin wayarsu cikin littafinsa. In an zo aji, ɗaya ya karanta daga waya, ɗaya ya bi rubutun da ido, a gyara inda aka yi kuskure.